Yadda ake bin salsalar asu na farko da gano abin da kakanninsu suka ci

Cikin nau'o'in asu da malam-buɗe-littafi wajen 160,000 da masana suka raɗa wa suna, kusan kashi 98 cikin 100 'yan gida ɗaya ne, gidan da ake kira Ditrysia. Tsutsar da ta addabi masara a Afirka tun 2016, da mai huda kwanson wake, da asun da ke cin tufafi a adaka, duk daga nan suka fito. Ɗan kason da ya rage kuwa galibi ƙananan ƙwari ne da yawancin mutane ba su taɓa gani ba, amma wurinsu labarin asali yake. Wasu ma ba su da bututun tsotson da muka san asu da shi. Tauna abinci suke yi.

Ɗalibin ilimin halittu da aka ba shi aikin bincike a kan wannan, ko malamin da ke son koyar da shi da hannu, ga yadda zai bi. Akwai tsari, kuma tsallake shi ne ke jefa mutum cikin ruɗu: a fara da baki, a koma fiffike, a bi tsutsa, a zana bishiyar zuriya, sai daga ƙarshe a yi maganar abincin kakanni.

Kayan aiki da inda za a samu ƙwarin

Kana buƙatar madubin ƙara girma mai ido biyu, wanda zai kai ninki 40, da hantsaki mai tsini, da allurai sirara, da gilashin silaid, da etanol, da ruwan bilic, da sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. KOH yana ƙona fata, don haka sa safar hannu.

Dangogin farko yawanci mazauna wurare masu danshi ne: Turai, Japan, Niyu Zilan, Sabuwar Kaledoniya, kudancin Ajantina da Chile. A Afirka ta Kudu akwai jinsin Agrionympha. Idan ba ka kusa da waɗannan wurare, hotunan samfuran gidajen tarihi da ke shafin GBIF da hotunan masu rai da ke iNaturalist za su tsaya maka. Amma kada ka fara da hoto. Kunna fitila da daddare a bakin gona, ka kama asu biyu ko uku masu ɗan girma, ka sa su a firiza su kwana. Da su za ka koyi hannu, kuma su ne ma'aunin da za ka riƙa gwada na farkon da shi.

Mataki na 1: tabbatar asu ne

Dangi mafi kusa da asu su ne ƙwarin Trichoptera, waɗanda tsutsotsinsu ke rayuwa cikin ruwa. Su biyun ana haɗa su a babban rukunin Amphiesmenoptera. Wani asun na farko yana kama da su ƙwarai, musamman idan ya kifa fikafikansa a bayansa. Shafa bakin allura a fiffike ka duba abin da ya manne. Idan ƙananan ɓawo ne masu faɗi, asu ne. Idan gashi ne zalla, mai yiwuwa Trichoptera ka kama. Kada ka yar da shi, zai yi amfani a mataki na 5.

Mataki na 2: buɗe bakin

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci.

Ɗauki asun da ka kama a gona, ka kwantar da shi rigingine. Tsakanin wasu 'yan yatsu biyu masu gashi da ke gaban fuska za ka ga bututu a nannaɗe. Sa allura cikin naɗin ka ja a hankali, zai miƙe. Idan ka matsa shi kaɗan zai rabe gida biyu, domin asalinsa gaɓoɓi biyu ne da ake kira galea, suka yi tsawo suka manne da juna suka bar rami a tsakiya. Duk asun da ke da wannan, ko kakanninsa suka taɓa samunsa, ɗan rukunin Glossata ne.

Yanzu ka nemi hoton kan Micropterix calthella, asun farko ɗan dangin Micropterigidae, wanda Linnaeus ya sa wa suna tun 1761. Faɗinsa da fikafikai a buɗe bai wuce milimita 10 ba. Fikafikan gaba launin tagulla ne mai ƙyalli da ɗan shunayya a gindi, kansa kuma cike da gashi rawaya a tsaitsaye. A watan Mayu da Yuni a Turai za a gan su da rana tsaka, biyar ko goma a cikin furen Ranunculus guda, suna rarrafe. Babu bututu ko kaɗan. Akwai muƙamuƙai biyu masu haƙora, akwai kuma dogayen 'yan yatsun baki masu gaɓa biyar a lanƙwashe, da su yake karto garin fure ya tura baki. Cikin bakin akwai wani ɗan aljihu mai ƙayoyi inda ake murƙushe garin kafin a haɗiye.

Idan kana da samfurin hannu, gashin kai zai rufe maka komai. Cire kan, ka jiƙa shi cikin KOH ya kwana, ka ɗauraye da ruwa, ka sa a etanol. Naman ciki zai narke, sassan baki su fito fili.

Abin da za ka rubuta a littafinka amsar tambaya biyu ce. Akwai muƙamuƙi mai aiki? Akwai bututu? Dangogi uku ne kawai a duniya ke amsa "e" ga ta farko da "a'a" ga ta biyu: Micropterigidae, Agathiphagidae da Heterobathmiidae. Saboda haka ne aka ba kowannensu ƙaramin rukuni nasa, wato Zeugloptera, Aglossata da Heterobathmiina. Na huɗu, Glossata, shi ya kwashe duk sauran.

Wanda ke yaudarar masu koyo shi ne dangin Eriocraniidae. A ido kamarsu ɗaya da Heterobathmiidae: ƙanana, masu ƙyalli, masu tsayayyen gashin kai. Amma idan ka buɗe bakin za ka tarar da gajeren bututu wanda ba shi da tsokoki a cikinsa, na shan ruwa da danshin ganye. Muƙamuƙin babba ya zama kufai, ba ya tauna. Sai dai a lokacin da ƙwaron ke kwance cikin kwanso yana da manyan muƙamuƙai masu lanƙwasa, da su yake yanka kwanson ya tono ƙasa ya fito. Rubuta wannan ma, domin alama ce ta cewa tauna ta riga tsotso. Bututu mai tsokoki a ciki sai a reshen da ya zo daga baya, Myoglossata.

Hattara da wanda ba ka ga komai a bakinsa ba. Asun dangin Hepialidae, idan sun wuce matakin tsutsa, ba sa cin abinci, bakinsu ya shafe. Rashin bututu a wurinsu asara ce ta baya-bayan nan, kuma 'yan Glossata ne. Abin da ke sa asu cikin dangogin nan uku shi ne samun muƙamuƙi mai tauna.

Mataki na 3: wanke fiffike ka ƙirga jijiyoyi

Cire fiffiken gaba da na baya na gefe ɗaya daga can gindi. Tsoma su a etanol su jiƙa, sannan a bilic na 'yan mintuna har launi ya fita, ka ɗauraye da ruwa. Kada ka tafi ka bar su, bilic na cinye fiffiken ƙaramin asu nan da nan. Shimfiɗa su a silaid, na gaba a sama, na baya a ƙasa.

A dangogin farko fikafikan biyu kusan girmansu ɗaya, zanen jijiyoyinsu ma ɗaya. Jijiyar da ake kira Rs tana da rassa huɗu a gaba, huɗu a baya. A asun gonarka kuwa ta fiffiken baya silli ɗaya ce ba reshe. Wannan raguwa ita ce tambarin Heteroneura, rukunin da Ditrysia ke ciki.

Duba kuma yadda fikafikan ke riƙe juna. Na farko suna da ɗan kunne a gindin fiffiken gaba, sunansa jugum. Na baya suna da ƙaya a gindin fiffiken baya mai shiga wani maƙali, sunanta frenulum. A yawancinsu ta namiji guda ce, ta mace biyu ko fiye.

Akwai alama ta uku, ko ɓawon fiffike toshe yake ko yana da rami a ciki, amma sai da madubin lantarki ake ganinta. Ɗauko ta daga rubuce-rubucen masana: na Micropterigidae da Eriocraniidae toshe suke, masu rami su ne tambarin Coelolepida, wani reshe na cikin Glossata. Za mu dawo kanta.

Mataki na 4: bi tsutsa zuwa inda take ci

Ware shafi biyu a littafinka, ɗaya na abincin babba, ɗaya na abincin tsutsa. Haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki, domin bakin babba da cikin tsutsa ba tare suka sauya ba.

Tsutsar Micropterigidae gajera ce, mai kauri, mai ƙusurwoyi a jiki, tana zama cikin ruɓaɓɓen ganye ko a kan wasu tsirrai marasa jijiya, 'yan'uwan gansakuka, da ke shimfiɗuwa a kan jiƙaƙƙen dutse. A Japan an gano cewa nau'o'i da dama a kan tsiro ɗaya tak suke rayuwa, Conocephalum conicum. Daga waje take ci, ba ta shiga cikin tsiro.

Agathiphagidae nau'i biyu ne kacal, Dumbleton ya bayyana su a 1952: ɗaya a Queensland ta Ostiraliya, ɗaya a Fiji da tsibiran da ke maƙwabtaka. Tsutsarsu ba ta da ƙafafu, a cikin ƙwayar irin bishiyar kauri, wato Agathis, take zama. Kauri ba ta fure, 'yar gidan bishiyoyi masu tsiraicin iri ce. An ruwaito tsutsar na iya kwanciya cikin ƙwayar har shekara 12 kafin ta fito, abin da ya sa samun babban ke da wuya.

Heterobathmiidae kuwa sai a 1979 Kristensen da Nielsen suka bayyana su, daga dazuzzukan kudancin Ajantina da Chile. Babba yana cin garin furen bishiyar Nothofagus a ƙarshen sanyi, tsutsa kuma tana haƙa rami tsakanin fatar sama da ta ƙasa ta ganyen wannan bishiya.

Tsutsar Eriocraniidae ma haka take haƙa rami a arewacin duniya, a ganyen bishiyoyin Betula da Quercus. Mace tana da tsinin da take tsaga ɗanyen ganye ta cusa ƙwai. Idan ka ɗaga irin wannan ganye ka haska shi da rana, za ka ga wani fili ya yi fari ya kumbura, tsutsa na motsi a ciki, kashinta kuma baƙaƙen zare-zare ne dogaye a harɗe. Wannan zaren shi ke bambanta ramin da na wasu masu haƙar ganye, waɗanda nasu ƙwaya-ƙwaya ne. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta yi kwanso.

Lura da abu ɗaya kafin ka wuce: Nothofagus da Betula da Quercus duk 'yan rukunin tsirrai ɗaya ne, wato Fagales.

Mataki na 5: yi tebur, ka zana bishiya

Jera dangogi a layukan tebur: Trichoptera a sama, sai Micropterigidae, Agathiphagidae, Heterobathmiidae, Eriocraniidae, Hepialidae, sai asun gonarka. A ginshiƙai ka sa alamomi: muƙamuƙi mai tauna, bututu, tsokar cikin bututu, ɓawo mai rami, jijiyar Rs ta baya, jugum ko frenulum. Sa 0 ga yanayin da aka gada tun daga can, 1 ga sabon da ya ɓullo. Inda babu bayani, bar alamar tambaya, kada ka cike da zato.

Ƙa'idar da za ka bi ta Willi Hennig ce, masanin ƙwari Bajamushe da ya shimfiɗa ta a 1950: sabon abin da aka yi tarayya a kansa ne kaɗai ke nuna kusanci. Mutum biyu masu hannu bibbiyu ba sa zama 'yan gida ɗaya saboda haka, kowa ma yana da su; amma idan ka ga tsagar gado iri ɗaya a kumatunsu, to ka samu abin kamawa. Muƙamuƙi irin hannun nan ne. Kyankyaso da fara da buzuzu duk suna da shi. Saboda haka kada ka tattara dangogi ukun nan masu tauna ka ce reshe ɗaya ne. Bututu shi ne tsagar gadon, shi ya haɗa Eriocraniidae da malam-buɗe-littafi duk da ba su yi kama ba.

Fara zane daga Trichoptera a matsayin gindi, kana cire reshe ɗaya-ɗaya. Abin da za ka samu ya yi daidai da wanda Niels Kristensen na gidan tarihin Kopenhagen ya kafa da nazarin sassan jiki: Micropterigidae su fara rabuwa, sai Agathiphagidae, sai Heterobathmiidae, sai Glossata, inda Eriocraniidae ke gindi. Idan kana son cika shi, tsakanin Eriocraniidae da Heteroneura akwai wasu ƙananan dangogi: Acanthopteroctetidae, Lophocoronidae, Neopseustidae, Mnesarchaeidae na Niyu Zilan, da Aenigmatineidae wanda sai a 2015 aka bayyana shi daga tsibirin Kangaru na Ostiraliya.

Mataki na 6: gwada ta da DNA

Sauko da jerin ƙwayoyin gado na waɗannan dangogi daga GenBank, rumbun bayanan DNA da ke intanet, ka daidaita su a manhajar MEGA, ka gina bishiya, ka maimaita gwajin ƙarfin rassa sau 1,000. Reshen da makinsa bai kai 70 ba, kada ka jingina da shi.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Ɗalibai da yawa suna ɗauko guntun ƙwayar gadon da ake kira COI, mai harufa 658, saboda shi ya fi yawa a intanet, su gina bishiya da shi kaɗai. Wannan guntu na gane nau'i ne. Ga rassan da suka rabu fiye da shekara miliyan 200 ya riga ya sauya ya sake sauyawa har ya rikice, kuma zai iya ba ka bishiya mai kyan gani wadda ba ta da gaskiya. Nemi ƙwayoyin gado na cibiyar tantani masu jinkirin sauyi, irin su CAD da EF-1α da 28S, ka haɗa su.

Binciken Regier da abokan aikinsa na 2015 ya ƙarfafa haɗin Heterobathmiidae da Glossata, har suka ba reshen suna Angiospermivora, wato masu cin tsirrai masu fure. Matsayin Agathiphagidae ne ake ja-in-ja a kai: ko reshe ne na biyu shi kaɗai, ko ɗan'uwan Micropterigidae ne. Zana bishiya biyu, ɗaya ga kowane ra'ayi, ka tafi da su mataki na gaba.

Mataki na 7: ɗora abinci a kan rassa

Samo alƙalamai masu launi. Fara da shafin tsutsa. Rubuta abincin kowane dangi a ƙarshen reshensa, sannan ka gangaro, a kowace mararraba kana zaɓen yanayin da zai buƙaci sauyi mafi ƙaranci. Manhajar Mesquite na yin wannan, amma yi da hannu sau ɗaya don ka ga yadda yake tafiya.

Heterobathmiidae da Eriocraniidae duka masu haƙar ganyen bishiya mai fure ne, saboda haka mararrabar da ta haɗa su za ta ɗauki wannan launi. Ka gangara ƙasa. Tsutsar Trichoptera na cin ruɓaɓɓun abubuwa da gansakuka a ruwa, ta Micropterigidae na cin makamancinsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mafi sauƙin fassara shi ne kakar asu tsutsa ce mai ci daga waje, a wuri mai danshi, a kan tsirrai marasa jijiya da ruɓaɓɓen ganye. Shiga cikin tsiro daga baya ya zo. Ga inda bishiyoyin nan biyu suka bambanta: a ta farko, shiga ciki sau ɗaya zai iya faruwa, kafin Agathiphagidae su rabu, a ta biyu kuwa mai yiwuwa sau biyu ne, ɗaya a cikin ƙwayar iri, ɗaya a cikin ganye. Rubuta duka biyun.

Za ka ci karo da waɗanda suka ƙi bin layi. Tsutsar Hepialidae na cin saiwa ko cikin kara, ta Mnesarchaeidae na cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, ta Aenigmatineidae kuma a kan Callitris take, bishiyar da ba ta fure. Kar ka ɓoye su. Suna can saman bishiya, don haka koma-baya ne ko sauyin hanya, ba su rushe abin da ke gindi.

Shafin babba ya fi sauƙi, amma da tarko a ciki. Tauna ce asali, babu musu. Me ake taunawa? Wanda ya kalli Micropterix a cikin fure zai ce garin fure. To amma Micropterix na yau ba kakan kowa ba ne, shi ma ya yi tafiyar miliyoyin shekarun da sauran suka yi, ya kuma samu abin da kakanninsa ba su gani ba. 'Yan'uwansa na jinsin Sabatinca a Niyu Zilan suna cin ƙurar irin tsirrai marasa fure. Don a raba gardama sai an san wanda ya riga zuwa, asu ko fure.

Mataki na 8: sa shekaru

Burbushin tsirrai masu fure da ba a jayayya a kansu sun fara bayyana ne a farkon zamanin Kiritashiyos, wajen shekara miliyan 130 zuwa 135 da suka wuce. Ajiye wannan a gefen bishiyarka, ka jera na asu kusa da shi.

Parasabatinca aftimacrai, ɗan dangin Micropterigidae, an same shi cikin daskararren ƙaron itace a Labanan, daga wajen wannan lokaci. Archaeolepis mane, burbushin fiffike mai ɓawo daga Dorset a Ingila, ya kai shekara miliyan 190. A 2018 kuma van Eldijk da abokan aikinsa suka ba da rahoton ɓawon fiffike wajen 70 da suka tsamo daga dutsen da aka haƙo a Schandelah, arewacin Jamus, mai shekara kusan miliyan 200. Wasu daga cikinsu masu rami ne. Koma teburinka: ɓawo mai rami na reshen Coelolepida ne, shi kuwa a cikin Glossata yake. Idan fassarar ta tsaya, bututu ya riga fure da shekara miliyan 60 zuwa 70. Masu binciken sun kawo shawarar cewa da shi ake shan ɗigon ruwa mai zaƙi da tsirrai masu tsiraicin iri ke fitarwa don kama garin namiji, a zamanin da duniya ke da zafi da fari. Mai tauna kuma, ƙurar iri da garin waɗannan tsirrai ne abin da ke gabansa.

Lissafin DNA ya tura abin baya fiye da haka. Binciken Kawahara da abokan aikinsa na 2019, a kan nau'o'i 186, ya sa asalin asu wajen shekara miliyan 300, bututu wajen miliyan 241, malam-buɗe-littafi kuwa wajen miliyan 98.

A rahotonka kada ka cakuɗa waɗannan lambobi. Burbushi yana faɗin cewa reshe ya riga ya wanzu a lokaci kaza, saboda haka rubuta "aƙalla" a gabansa. Na DNA kiyasi ne mai tazara sama da ƙasa, rubuta "kimanin", ka sa tazarar da marubutan suka bayar. A kan zanen kuma yi amfani da alama biyu daban, ɗigo ga burbushi, sanda ga kiyasi, ka ja layi a tsaye a kan miliyan 135 don mai karatu ya ga rassan da suka riga fure da idonsa.